Ranar da Na Zaunar da Ummi a Kan Farar Mota

Bismillahi. Yadda muka baro Tasawa, da wanda ya raka mu tasha, da wanda ya yi kuka, duk na bar su. Abin da nake so in rubuta ya fara ne bayan mun sauka.

A Paris muka fara zama, ko in ce a gefenta, don dogon ƙarfen nan da ake nunawa a hoto ban taɓa zuwa gindinsa ba, kansa kawai na taɓa hangowa ta tagar bis. Maigidana yana dakon kaya a Rungis, ƙatuwar kasuwar da ake sauke nama da kifi da kayan miya na garin gaba ɗaya. Cikin ɗakunan sanyi yake aiki. In ya dawo da safe yatsunsa ba sa lanƙwasuwa, sai na zuba masa ruwan ɗumi a roba ya tsoma su kafin ya iya riƙe kofin shayi. Muna zaune a kusurwar falon wata Hajiya Turai, mutuniyar ƙasarmu mai sayar da turare da atamfa, labule ne ya raba mu da sauran gidan. A wannan zaman na haifi ƴata. Sunan uwar maigidana aka sa mata, shi ya sa nake ce mata Ummi, ni kuma Sahura na koma Maman Ummi.

Ummi ta fara rarrafe ke nan aka tare babanta a hanyar aiki. Takardunsa ba su cika ba, aka maida shi Yamai. Ni takardata ta wucin gadi ce, amma tana da sauran kwana. Ranar da labari ya tabbata Hajiya ta kira ni ɗakin girki ta tura ƙofa.

"Zauna in gaya miki gaskiya, don ni uwa ce a gare ki. Nan ba Tasawa ba ce. Mace in ba miji, ba ɗaki nata na kanta, akwai wasu mata da ake ce wa asistant sosiyal. Da jaka suke zuwa, suna murmushi. Su ce miƙo yarinyar mu auna ta. Shi ke nan. In kin sake ganinta an girma, ana kiranta Fransuwaz, tana cin alade."

"Hajiya, to yaya zan yi?"

"Ki zauna cikin gida. Kada a gan ki."

Na zauna. Ni ce girki, ni ce guga, ni ce ƙulla turaren wuta a leda, ni ce wankin ƴaƴanta. Ba ta taɓa ce mini ga na sabulu ba. In aka ƙwanƙwasa ƙofa sai in sure Ummi in shige banɗaki in cusa mata nono a baki don kada ta yi motsi. Ko taga ba na leƙawa. Damina ɗaya ta gida ta wuce ina cikin wannan hali, sai a waya nake jin an yi shuka, an yi noma, an fara cin sabon wake.

Maigidana ne ya fitar da ni, daga can Yamai. Ya ce akwai wani dattijo da suka taɓa dako tare a Rungis, Malam Bukar, mutumin Cadi, yanzu yana Lyon yana gyaran motoci, kuma mai garejinsu na neman mai shara, har da ɗaki a sama. Da na gaya wa Hajiya ba ta ɗago kai daga atamfar da take ninkewa ba. Ta ce, "Je ki. In sun karɓe ta kada ki kira ni."

A cikin kar ɗin Lyon, wato babbar motar fasinja, wata tsohuwar Baturiya ce kusa da ni. Tana da jaka a cinya, kuma tana ta yi wa Ummi murmushi. Na juya mata baya har wuyana ya ƙage. Ta miƙo biskit, na karɓa na tura ƙarƙashin cinyata. Can gajiya ta ci ƙarfina, barci ya sace ni. Na farka a firgice na tarar ta tuɓe rigar sanyinta ta lulluɓe ƙafafun Ummi da ita, ita kuma tana zaune ta rungume hannuwa. Ko merci ban iya ce mata ba. Da muka sauka ta ɗauki rigarta ta tafi.

Malam Bukar ya tare ni a tasha. Dogo ne, siriri, gemunsa fari, Hausarsa ta kasuwa ce mai ɗan karkata, kuma bakinsa ba ya hutawa da zolaya. Yana ganina ya ce, "Wannan ce matar Laminu? Ashe dakon da yake yi ke kike cinyewa, ga ki kamar sillen kara." Ban yi dariya ba, na manta yadda ake yi. Ya bi da ni ta unguwar Guillotière don in sayi abin girki. Muna shiga wani shago warin daddawa ya buge ni, sai ga hawaye. Mai shagon ya yi kamar bai gani ba, ya ƙara mini busasshiyar kuɓewa a leda.

Garejin yana bakin Vaulx-en-Velin, bayan dogayen benaye, inda bis ke juyawa. Ɗakina yana saman ma'ajiyar tayoyi. Ƙarami ne, yana warin roba, amma yana da makulli, kuma makullin a hannuna yake. Baba Bukar, don haka na koma kiransa, ya gaya mini sharaɗi tun a bakin matakala.

"Ɗakin nan na aikin ne. Aiki ya tafi, ɗaki ya tafi. Patron, wato mai garejin, ya san kina da yarinya, amma ya ce ba ya son ganin yaro cikin gareji. Na ce masa matata za ta riƙe ta."

"Baba, ni ba na ba kowa ita."

"Na sani, an gaya mini. Kuma matar tawa ma tana Injamena, sai dai ta riƙe ta ta waya. Patron ba ya zuwa sai bayan azahar. Ki goya abarki ki gama da safe ki hau sama. Ƙasa kawai za ki wanke da tagogi. Motoci ba ruwanki da su."

Ni da na ji an ce gareji na zaci irin na gida ne, baƙin mai a ƙasa da yara masu sifana. Wannan ya fi ɗakin haihuwar asibiti tsabta. Motocin tsofaffi ne, na Amirka, patron ya tara su ya gyara, ba don a hau ba, don a kalla. Akwai wata ja mai walƙiya da kake ganin haƙoranka a jikinta. Akwai baƙa doguwa mai kujerun fata kamar falon gwamna. Akwai mai ruwan ganye da ƙarfe mai sheƙi tun daga hanci har wutsiya. Sai kuma wata fara a can kusurwa.

Farar nan ita ce ta fi ba ni tausayi. Ba ado ko ɗaya a jikinta. Tayoyinta ba marufi, ƙusoshi a waje. Na leƙa ciki ina goge ƙasa: kujeru biyu ne ƙanana a gaba, masu tauri, irin na motar kaya. Baya babu kujera sam, fili ne kawai. Inda rediyo ya kamata ya zauna an toshe da faranti. Tagar gefe ba gilashi ba ce sosai, wata aba ce kamar roba, da ɗan maɗauri ake jan ta sama. A kan murfin injin kuma ga wani ƙusumbi kamar tozon bijimi.

Wata safiya na ce, "Baba, wannan ɓarayi ne suka kwashe mata kaya?"

Ya yi dariya har da tari. "Haka aka haife ta, ƙanwata. Daga masana'anta haka ta fito. Su da kansu suka cire kujerar baya, suka cire abin ɗumama ciki, suka cire rediyo, har audugar da ke hana ƙara. Batir ma suka ɗauke shi daga gaba suka kai shi but, don nauyi ya danne tayoyin baya."

"Don me?"

"Don gudu. Motoci biyu ake jerawa a miƙaƙƙiyar hanya, ko rabin kilomita ba ta kai ba. A ba da alama, su ɓalle. Kafin ki ɗaura ɗankwali an gama. Duk abin da ke da nauyi abokin gaba ne."

"Daga nan sai su wuce ina?"

"Ba ko'ina. Su juyo."

"To ina amfanin motar da ba ta kai mutum kasuwa?"

"Kul! Kada ta ji ki. Wannan ita ce sarauniyar gidan nan. Ja da baƙa duk barorinta ne."

Na ce a raina, tsohon nan da zolaya. Ai jiya ma ya ce mini bokitin sharata daga Makka aka kawo shi. Na ɗauka cewa farar ce marainiyar cikinsu, wadda kuɗin gyara bai kai kanta ba tukuna.

Haka na yi ta aiki har sanyi ya shigo. Ummi ta yi nauyi, ta fara takawa, ba ta son goyo kamar da. In na sunkuya tana miƙewa, tana jan ɗankwalina, tana miƙa hannu wajen jar mota. Bayana ya riƙa ciwo tun daga wuya har ƙugu. Kunnena kullum yana kan ƙofa. In na ji mota ta tsaya a waje sai in tsaya cak, in ta wuce in ci gaba da goge ƙasa. Da dare kuma in kwanta ina jin Hajiya Turai cikin kaina.

Wani mako aka turo farar tsakiyar gareji, aka cire mata mayafi. Baba Bukar ya ce za a ɗora ta a babbar mota a kai ta Paris, wajen wani taron nunin tsofaffin motoci, kuma patron ya daɗe yana jiran wannan rana. Ya ce in wanke ƙasa da kyau don za a zo ɗaukar hoto. Ya fita sayen wani abu.

Na zuba ruwan javel, sinadarin wankin nan mai ƙona fata, na wanke ko'ina. Ina cikin matse tsumma Ummi ta yi wata irin miƙa, zanen goyo ya kwance, na ji tana zamewa ta gefe. Na cafke ta da hannu ɗaya. Dole in sauke ta in sake ɗaurawa. Ƙasa jiƙe take da javel, ga sanyi kamar ƙanƙara, kuma na san ta, tana taɓa ƙasa hannu zai tafi baki. Teburin Baba cike yake da ƙarafa masu kaifi. Na duba dama da hagu. A tashar Tasawa kowace mace a kan mota take zaunar da ɗanta ta gyara zane. A kan mota ake ɗora buhun gero, a kan mota karen mota ke barcin rana. Mota ai ƙarfe ce. Amma duk da haka na yi tunani. Na ce ja ba ta taɓuwa, baƙa ba ta taɓuwa, kada takalmin yarinya ya karce musu fenti. Na zaɓi wadda nake ganin ba ta da abin ɓaci. Na zaunar da Ummi a kafaɗar farar, saman tayar gaba, na dafa gefenta da tafin hannu ina warware zane.

Sai na ji ɓob. Ƙara ƴar ƙarama, kamar ka danna gwangwanin madara da babban yatsa.

Ummi ta ji daɗin ƙarar, ta yi tsalle da ɗuwawu. Ɓob.

"Non! Non, non, non!"

Patron ne a bakin ƙofa. Ya zo da wuri saboda mai hoto. Tsoho ne gajere mai tabarau, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ran nan. Na fizge Ummi na manna ta a ƙirji na ja da baya har na taka bokiti ya kife. A jikin motar ga rami inda ta zauna, kamar gurbin ƙwarya a yashi, ga wani ƙarami a gefe inda na dafa.

Bai kalle ni ba. Ya zo ya durƙusa cikin ruwan javel da wandonsa mai kyau, ya cire tabarau, ya riƙa shafa wurin da yatsu a hankali, yadda ake shafa kan yaro mai zazzaɓi. Ya daɗe a haka. Ummi ta fara kuka, ina toshe mata baki da kafaɗata.

Baba Bukar ya shigo da leda a hannu, ya ga motar, ya gan ni. Karo na farko da na ga bakinsa ya mutu. Patron ya yi magana ƙasa-ƙasa da Faransanci, Baba yana juya mini.

"Ya ce wannan ba ƙarfe ba ne, alminiyom ne, irin na tukunyar miya, amma an murza shi ya yi siriri don kada ya yi nauyi. Ko jingina ba a yi da shi. Ya ce kaɗan ƙwarai aka ƙera irinta tun zamanin kakanninki, yawancinsu an farfasa su wajen tsere. Ya ce a wata rumfa ya samo ta a Amirka, kaji na kwana ciki. Shekaru ya yi yana neman kayanta ɗaya bayan ɗaya. Amma kafaɗun nan biyu nata ne na asali, ba wanda ya taɓa sa musu guduma." Ya dubi ramin. "Sai yau."

Na ce, "Baba, ka ce masa na zaɓi wadda ta fi arha ne."

Ya kalle ni. "Wannan ba zan juya ba."

Patron ya miƙe, gwiwoyinsa a jiƙe. Sai a lokacin ya dubi Ummi. Ya tambayi Baba wani abu, Baba ya sunkuyar da kai ya amsa. Na gane tambayar ko ba fassara: ina matar taka da ke riƙe ta? Ya ɗauki waya ya sallami mai hoto, ya fita.

Na hau sama na ɗaure kayana a zane. Ba su da yawa. Na zauna a bakin katifa da Ummi a cinya ina kallon makulli. Babu aiki, babu ɗaki. Babu ɗaki, sai mata masu jaka. Na yi tunanin komawa wurin Hajiya Turai, na yi maza na kawar da tunanin. Na kira maigidana, ya ɗauka cikin hayaniyar kasuwa yana cewa lafiya, na ce lafiya lau, Ummi na gaishe ka, na kashe. Kwana biyu ban sauko ba. Baba yana ajiye mini burodi a matakala, ya ƙwanƙwasa ya tafi.

Rana ta uku ya hau da kansa ya tsaya a bakin ƙofa.

"Patron ya yi magana. Motar ba za ta Paris ba bana. Ni zan yi ta bugun wurin da gudumar katako, kaɗan-kaɗan, in Allah ya sa kada ya tsage. Ni ma na sha nawa faɗan, har yanzu kunnena na zafi."

"Yaushe zan fita?"

"Bai ce ki fita ba. Ya ce ba mota ce ta hana shi barci ba. Wai da ya dubi inda yarinyar ta zauna, sai ya ga gefen teburina da injin yanka, da batir, da javel a ƙasa. Ya ce aiki naki ne, ɗaki naki ne, amma ƙafar yarinya ba ta sake taka gareji. Za a samo mata nunu, matar da ke riƙon yara a gidanta da izinin hukuma. Ya riga ya kira asistant sosiyal, gobe za mu je."

Na ji sunan kamar an watsa mini ruwan sanyi. Na ce, "Baba, ka kashe ni."

"Ni? Ke da kika kashe sarauniya?" Ya ga ban motsa ba, ya sauke murya. "Maman Ummi, ban san abin da aka gaya miki a Paris ba. Ba zan rantse miki ba a taɓa karɓe ɗan kowa a ƙasar nan ba. Amma in kin fita da ita titi cikin sanyin nan, a nan ne za ki ba su dalili. Zaɓi ɗaya."

Na je. Matar tana da jaka, kuma ta yi murmushi, komai yadda Hajiya ta faɗa. Na riƙe Ummi har ta yi ƙara don matsi. Matar ta yi tambayoyi, Baba na juyawa: me take ci, tana barcin rana, an yi mata allurai. Ba ta miƙo hannu ba ko sau ɗaya. Bayan ƴan kwanaki aka samo wata Madam Odil a wani bene kusa da tashar metro, jirgin ƙasa na cikin gari.

Safiyar farko na yi wa Ummi wanka, na shafa mata mai, na tofa mata duk addu'ar da na iya. Na hau benen. Madam Odil, wata mai jiki da gajeren gashi, ta buɗe ƙofa ta ware hannuwa. Na kwance goyo na miƙa. Ummi ta tsala ihu. Aka rufe ƙofa.

Ban san yadda na koma gareji ba. Na wanke ƙasa sau biyu don na manta na wanke. Bayana sai sanyi yake ji. A kusurwa Baba Bukar ya cire kafaɗar motar ya ɗora a kan buhun yashi yana bugu a hankali, tak, tak, ya tsaya ya haska fitila ta gefe, ya sake. Patron ya shigo ya ce bonjour, na ce bonjour. Har yau haka muke, ba ya ƙarawa, ba na ƙarawa.

Tun kafin lokacin ɗauko ta ya yi ina gindin benen Madam Odil a tsaye, iska na yanka mini kunne, na kasa danna ƙararrawa. Ina ta shirya abin da zan yi in an ce ba a san wata Ummi ba. Da na ga wata uwa ta shiga na bi bayanta.

Aka buɗe. Tana zaune a kan darduma da wasu yara biyu, yawurt ya bushe mata a haɓa, tana buga cokali a roba. Ta ɗago ta gan ni, ta sake buga cokalin sau ɗaya, sannan ta taso. Madam Odil ta ɗauke ta ta sa mini a hannu, da ƴar jakarta, da safarta guda da ta cire. Ta ce, "À demain." Wannan na san shi, sai gobe ke nan.

Na goya ta muka sauko. Kanta na ƙamshin sabulun wata mace. A tashar bis na tsaya, ƙafafuna sun kumbura, ƙuguna na zogi, tana barci da nauyinta duka a bayana. Ban ji murna ba, gajiya kawai na ji, da sanin cewa gobe da safe zan sake hawa benen nan in kwance ta in miƙa da hannuna.

Da gari ya waye na hau, na miƙa.